Babi na Bakwai: Yaron da Ya Cinye Las Begas

A unguwarmu ta Tukur-Tukur, ba nisa da tsohon ginin Gaskiya inda Dokta Rupert East da Malam Abubakar Imam suka yi zaman aikin jarida da talifi tun cikin shekarun 1940, akwai wata inuwar dalbejiya wadda, tun ina yaro, ban tuna ranar da na wuce ta bayan la'asar ban tarar da mutane a gindinta ba. Majalisa biyu ce a wurin, ko da yake baƙo zai zaci ɗaya ce. Ta gaba ta dattawa ce masu dara, waɗanda suka haƙa gurabunsu talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, suna yi a fili ana shewa, wanda aka ci a yi masa ba'a ya tashi wani ya zauna. Ta bayan kuwa, wadda ke fakewa da katanga, ta 'yan karta ce. Su ba su shewa, ba su son a tsaya musu a ka, kuma da wuya ka ga kuɗi a kan tabarmarsu, domin kuɗin suna ƙarƙashin cinya ko cikin hula, sai an gama hannu a miƙa su a dunƙule kamar ana musafaha.

Cikin 'yan majalisar bayan akwai wani tela, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda 'ya'yansa suna nan da ransu, siririn mutum mai ƙarancin magana, wanda abokan wasansa suka yi ittifaƙi a kan cewa ba su taɓa ganin mai hadda irin tasa ba. Ya san abin da ya fita, ya san abin da ya saura, har yakan faɗa wa mutum kartar da ke hannunsa tun bai yar da ita ba. Duk da haka da idona na ga ranar da aka ɗora kekensa na ɗinki a kan baro aka tura shi gidan wanda ya saya, ana saura kwana tara salla, yadudduka na mutane jibge a shago. Bayan na girma, shi kuma ya tsufa ya tuba, na taɓa yin ƙarfin hali na ce masa, “Baba, kai da aka ce ba a cin ka, ina kuɗin suka tafi?” Ya yi shiru har na ɗauka na yi masa rashin kunya, sannan ya ce, “Yaro, a karta ba a ci ni ba. Amma in na tashi da kuɗi a aljihu, ƙafata ba ta kai ni gida.” Sabon Gari take kai shi, wurin masu cika takardar cacar ƙwallon Ingila, inda haddarsa ba ta da wani amfani ko na anini.

Wannan magana ta tela ita ce ta faɗo mini a rai sa'ad da na fara bin tarihin mutumin da wannan babi yake a kansa, wato Stu Ungar, Bayahuden birnin Niyok, wanda da yawa daga masana wasan karta na Amurka suke ƙirga shi a matsayin mafi hazaƙar wanda ya taɓa zama a teburi.

An haife shi ranar 8 ga Satumba, 1953, a wata unguwar talakawa da baƙi ta Manhatan. Mahaifinsa yana da mashaya, amma hakikanin sana'arsa ita ce karɓar caca a kan tsere da wasanni da kuma ba da bashi da ruwa, saboda haka yaron ya buɗe ido ne a cikin lissafin riba da faɗuwa kamar yadda ɗan malami yake buɗe ido a cikin allo da tawada. Yana da shekara goma ya ci gasar wani wasan karta da ake kira jin-rami, wanda mutum biyu suke yi, kowa yana ƙoƙarin haɗa katunansa goma su zama jeri ko masu lamba ɗaya kafin abokin karawarsa. Bai cika shekara goma sha biyar ba mahaifin ya faɗi da ciwon zuciya ya mutu, mahaifiyar kuma daga baya shanyewar jiki ta kwantar da ita, sai ya bar makaranta ya rungumi karta ta zama abincinsa da na gidansu. Wani dattijo mai suna Victor Romano, wanda ake dangantawa da ƙungiyar miyagun nan ta Mafiya, shi ya zame masa uban gida, yana tsare shi daga waɗanda bakinsa ya ɓata wa rai, domin yaron, a kan ƙanƙantar jikinsa, ba shi da ladabin cin nasara ko kaɗan: in ya ci mutum sai ya bi shi da gori.

A jin-rami dai abin nasa ya wuce a kira shi gwaninta, sai dai a ce baiwa. Akwai wani Harry Stein wanda a zamanin ake ganin babu kamarsa. Suka zauna da Ungar, aka yi wasa 86, Stein bai ci ko ɗaya ba, kuma daga wannan zama bai sake komawa fagen ba. To, a nan ne fa illar ta ɓullo, irin wadda mai hankali zai hango amma yaro mai zafin kai ba zai hango ba: wanda yake cin abinci da karta yana bukatar abokan wasa masu zaton za su iya cin sa, kuma maharbin da ya karkashe namun dajinsa a shekara ɗaya shi zai kwana da yunwa a shekara ta biyu. Ya bar Niyok saboda bashin da ya tara a filin tseren dawaki, ya ɗan zauna a Mayami, ya isa Las Begas a 1977, can ma ba a jima ba kowa ya guje shi. Har rangwame ya riƙa yi wa mutane don su yarda su zauna da shi, ya ce a leƙa kartar ƙarshe ta ƙasan tuli, ko ya yi alkawarin mayar wa wanda ya ci wani kaso na kuɗinsa, amma a banza; gidajen caca ma suka roƙe shi ya daina shiga gasarsu, don in an ji sunansa sauran mutane ba su zuwa. Rashin abokin wasa ne ya tura shi ga foka, ba sha'awa ba.

Ya kamata a nan in ɗan tsaya in bayyana wa mai karatu yadda wannan wasa yake, domin wanda ya saba da wot, ko irin kartar da ake yi a zaurukanmu, zai ɗauka duk tafiyar ɗaya ce. A nau'in da ake yin babbar gasa da shi, wanda ya samo asali daga jihar Tekzas, mai rabo yakan ba kowane ɗan wasa kati biyu a kife, shi kaɗai ya san su. Sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya a buɗe, na kowa da kowa: uku a karo ɗaya, sa'an nan ɗaya, sa'an nan na ƙarshe. Kafin kowace shimfiɗa da bayanta ana zuba kuɗi. Wanda aka zo kansa ko dai ya biya daidai abin da aka zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya yar da katunansa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. In an kai ƙarshe da saura mutum biyu ko fiye, sai a buɗe, wanda ya fi haɗa biyar masu daraja ya kwashe. Sirrin wasan kuwa shi ne sau da yawa ba a kaiwa ga buɗewar, domin mutum yana iya riƙe da hannun banza ya tura kuɗi masu yawa da fuskar wanda ya riƙe sarakuna, abokin karawarsa ya tsorata ya yar da hannun da ya fi nasa. Burga ke nan, kuma rabin ilmin foka sanin lokacin yin ta ne da gane ta in an yi maka. Saboda haka abin da ake karantawa a teburin bai tsaya ga kati ba, har da mutum: yadda ya numfasa, yadda ya tura kuɗin, abin da ya yi a hannu goma da suka wuce. Abin da malamanmu suke kira firasa, shi ne jarin ɗan foka.

Babbar gasar duniya ta wannan wasa wani Benny Binion ne ya assasa ta a 1970 a gidan cacarsa mai suna Horseshoe. Kowa yakan biya dala 10,000 a ba shi ƙwandalolin roba daidai da na kowa, a yi ta yi kwana da kwanaki, wanda nasa suka ƙare ya tashi, har su taru gaban mutum ɗaya. A 1980 mutum 73 suka shiga, Ungar yana cikinsu, yana ɗan shekara 26, da fuskar da ta sa aka laƙaba masa suna Yaro. Aka yi ta zubewa har ya rage daga shi sai Doyle Brunson, ƙaton mutumin Tekzas wanda ya ci gasar a 1976 da 1977, ya kuma wallafa littafin da 'yan foka suke ɗauka tamkar matani. A hannun ƙarshe Brunson yana riƙe da as da bakwai, aka shimfiɗa as da bakwai da biyu, ya zama yana da tagwaye biyu, hannun da kowa zai yi murna da shi. Yaron yana riƙe da huɗu da biyar. Kati na huɗu ya faɗo uku, jeri ya haɗu masa daga as har biyar, Brunson ya tura duk abin da ke gabansa, aka biya shi nan take. Ungar ya tashi da dala 365,000. Da shekara ta zagayo ya sake ci, wannan karon a kan Perry Green, wani mai fataucin fatu daga Alaska, ya karɓi dala 375,000.

Wanda yake son ya ga iyakar firasar mutumin nan, sai ya dubi zaman da ya yi a farkon shekarun 1990 da Mansour Matloubi, mutumin Iran mazaunin Biritaniya, wanda ya ci gasar duniya ta 1990. Su biyu kaɗai suka zauna, kowa ya ajiye dala 50,000. A wani hannu an shimfiɗa uku, uku, bakwai, sarki, sarauniya, sai Matloubi ya tura duk abin da ya rage masa, sama da dala 30,000. Abin da ke hannun Ungar goma ne da tara, wato babu tagwaye, babu jeri, babu komai. Kusan duk wani kati mai daraja da ke hannun abokin karawarsa ya isa ya kayar da shi. Ya yi ɗan nazari, sannan ya faɗa wa Matloubi cewa abin da yake riƙe da shi huɗu da biyar ne ko biyar da shida, jeri ya nema bai samu ba, ya kuma biya. Aka buɗe: huɗu da biyar. Na karanta labarin wannan hannu sau da yawa, kuma kowane karo telan unguwarmu nake gani, da ɗan murmushin da yakan yi kafin ya faɗa wa mutum abin da ya ɓoye.

To, shin wannan caca ce ko sana'a? A Amurka mas'alar ta kai gaban alƙalai, har a 2012 wani alƙalin tarayya a Niyok, Jack Weinstein, ya yanke cewa gwaninta ta rinjayi sa'a a foka, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta rushe sakamakon hukuncin nasa a shekara mai bi. Fuƙaha'unmu sun riga su shiga wannan bahasi da ƙarnuka. Sun bambanta tsakanin nardu, wanda ɗan lido ke hukunci a cikinsa, da shaɗaranji, wanda tunani ke hukunci a cikinsa. Shafi'awa suka sassauta a na biyun suka tsaya ga karhanci, Malikawa kuwa suka tsananta a duka biyun, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani. Amma wannan saɓani nasu a kan wasan da babu kuɗi ne. Da zarar ɓangarori biyu sun ajiye dukiya a kan wanda ya ci ya kwashe, to, babu saɓani, ya zama maisir ɗin da aka ambata a Baƙara aka kuma haramta a Ma'ida, ko da wanda ya ci ɗin ya fi kowa basira a duniya. Shi maisir na Jahiliyya ma ba a rasa abin yabo a zahirinsa ba, domin raƙumi ake yankawa a jefa kibau goma, bakwai masu rabo uku marasa rabo, waɗanda suka tashi a tutar babu su biya kuɗin raƙumin, naman kuma galibi matalauta ake bai wa. Abin da na fahimta, kuma ra'ayina ne ba fatawa ba, shi ne malaman sun karkata ga duban abin da zubin kuɗin yake yi wa zuciyar mai zubawa, alhali alƙalan Amurka suna duban abin da ke faruwa a kan teburi kawai. Rayuwar Ungar hujja ce ga ɓangarorin biyu a lokaci guda, abin da ya sa take da wuyar sha'ani ke nan.

A kan teburi dai babu shakka ya tabbatar da cewa akwai gwani. Mundayen zinariya biyar, irin waɗanda ake bai wa wanda ya yi nasara, ya tara a wasannin gasar duniya, ya kuma ci wata babbar gasa ta wani ɗan foka mai suna Amarillo Slim sau uku, a 1984 da 1988 da 1989. Waɗanda suka san shi sun ƙiyasta abin da ya ratsa hannunsa a tsawon rayuwarsa da kimanin dala miliyan 30. Sai dai shi ma ƙafarsa ba ta kai shi gida. Abin da ya ci da dare a foka, inda ya fi kowa, da safe sai ya kai shi ga tseren dawaki da cacar wasanni, inda shi da jahili duk ɗaya ne, ko ya kai shi filin golf ya yi fare da mutanen da suka shekara ashirin suna buga abin da shi bai iya ba. Kuɗi a wurinsa ba abin saye da sayarwa ba ne, itacen hura wuta ne, kuma wutar ita yake so. Ga kyauta ta fitar hankali ga duk wanda ya roƙa, ga hodar iblis, wadda ya fara shaƙa don ya iya kwana biyu a zaune yana wasa, ta zo ta zame masa ubangida na biyu. Aurensa ya mutu a 1986. A 1989 ɗan matarsa, wanda ya riƙa tamkar ɗan cikinsa, ya kashe kansa, daga nan kuma abin ya ƙara lalacewa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Wannan ya iya ruwa fiye da kowa a zamaninsa, gaɓar ce bai taɓa nema ba.

A gasar 1990 yana kan gaba da tazara mai yawa aka neme shi a rana ta uku aka rasa, sai a ɗakinsa na otal aka same shi a sume saboda abin da ya sha. Aka bar ƙwandalolinsa a kan teburi ana cire musu zubin dole hannu bayan hannu, kujerarsa babu kowa, amma saboda yawansu sai da suka kai shi matsayi na tara, da ladan sama da dala 25,000. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna girman baiwar da girman asarar a wuri guda ba.

Shekara bakwai bayan haka, a 1997, ya iso Horseshoe ba shi da ko kuɗin shiga, jiki ya ƙare, hodar ta cinye masa guringuntsin hanci har yana sa wani zagayayyen tabarau mai shuɗin gilashi a kan karan hancin don ya rufe. Wani tsohon abokinsa, Billy Baxter, ya biya masa dala 10,000 ana gab da rufe rajista, bisa sharaɗin a raba abin da aka samu biyu. Mutum 312 suka shiga. A ranar farko har gyangyaɗi ya riƙa yi a teburi. Daga rana ta biyu kuwa ya dawo Yaron da aka sani, yana ɗauke da hoton 'yarsa a aljihu yana dubawa. Teburin ƙarshe a waje aka kafa shi, a kan titin Fremont, cikin zafin hamada. Ya rage shi da John Strzemp, wani jami'in gidan caca. Ungar na da as da huɗu, Strzemp na da as da takwas, aka shimfiɗa as da biyar da uku, Ungar ya tura, aka biya shi, kuma a wannan lokaci hannun Strzemp ne ke gaba. Gaskiya ne ƙwandalolin Ungar sun fi yawa nesa, faɗuwa a hannun ba za ta fitar da shi ba. Amma bayan kati na huɗu ya faɗo uku, cikin katunan 44 da ba a gani ba bakwai ne kacal za su ba shi nasara kai tsaye. Aka juya na ƙarshe, sai ga biyu. Jeri daga as har biyar, irin wanda ya kayar da Brunson da shi shekara 17 da suka wuce. Gwaninta ce ta kawo shi teburin, amma ƙofar ƙarshe sa'a ce ta buɗe masa ita. Ya zama shi da wani tsohon gwani, Johnny Moss, kaɗai aka naɗa zakaran duniya sau uku, shi Moss ɗin ma na farkonsa da ƙuri'ar abokan wasa aka ba shi.

Ladan dala miliyan ɗaya ne, rabinsa na Baxter. Rabin da ya rage bai yi wata shida a hannun Ungar ba. Da gasar 1998 ta zo Baxter ya sake yi masa tayi, ya amsa, amma da ranar ta yi ya ƙi saukowa daga ɗakinsa, daga baya ya ce ya gwammace a ce bai zo ba da a gan shi a halin da yake ciki. Watannin da suka biyo baya ya yi su yana bin ɗakunan foka yana roƙon waɗanda a da suke tsoron zama da shi, wasu su ba shi, wasu su kau da kai don sun san inda kuɗin za su.

Wajen ƙarshen shekarar wani mai gidan caca, Bob Stupak, ya ƙulla yarjejeniya da shi a kan zai biya masa basussuka ya kuma riƙa saka shi a gasa, ya ba shi kuɗin somin-taɓi. Ungar ya kama ɗaki a wani ƙaramin masauki mai suna Oasis, irin wanda matafiyi marar hali yake kwana a ciki. Ranar 22 ga Nuwamba, 1998, ma'aikacin masaukin ya buɗe ƙofa ya same shi kwance a kan gado da tufafinsa, rai ya yi halinsa, yana da shekara 45. Likitocin da suka duba gawar suka ce abin da ke jininsa a ranar bai kai ya kashe shi ba, zuciyar ce ta gaji da abin da aka shekara ashirin ana ɗora mata. Abin da aka samu a jikinsa kimanin dala 800 ne, ba gida, ba ajiya a banki. Abokan wasansa ne suka yi karo-karo aka biya kuɗin jana'izarsa, kuma a 2001 suka shigar da sunansa cikin jerin manyan gwanayen foka da ake girmamawa a Horseshoe a lokacin.